Yadda Za Ka Ceci Furen Okid Daga Muzurun Mahaifiyarka

Idan kana da fure a falo, kana da muzuru a gida, kuma hancinka na aiki, zauna ka karanta. Na yi maka alkawari: ka bi matakan nan yadda na jera su, ba ƙari ba ragi, furenka zai kai labari. Ban ce mutuncinka zai kai ba. Wannan wani fanni ne daban, kuma ba shi na karanta ba.

Abin da na karanta ilimin tsirrai ne. Ina da digiri a kai, yana nan rataye a bango cikin gilashi, kuma na tsufa ina koyar da shi a wata sakandare a nan Gaya. Sunana Malam Sharfaddeen. Duk abin da za ka gani a ƙasa na gwada shi da hannuna, a falona, a gaban iyalina, waɗanda har gobe ba su gaji da ba da labarin ba.

Mataki na 1: Karɓi amanar da ƙarfin gwiwa

Da farko kana bukatar 'ya mai yarda da kai fiye da kima. Tawa Ummi ce, wadda aka tura bautar ƙasa Kalaba. Sunanta na yanka Hure, sunan mahaifiyata, shi ya sa bakina ba ya faɗinsa. Nan ma rubutawa na yi, ban furta ba.

Ta zo hutu rungume da wata 'yar tukunya, a cikinta ganye shida masu kauri kamar harshen saniya, da siririn kara mai fararen furanni.

"Baba, okid sunansa. Matar da nake haya a gidanta ce ta ba ni. Wai ba zai rayu a Arewa ba, kafin in gama bautar ƙasa ya zama itacen hura wuta. Na ce mata, Madam, ba ki san ubana ba."

A nan ne mai hankali zai ce, 'yata, a littafi kawai na taɓa ganinsa, a shafin da ba ya fitowa a jarrabawa. Kada ka zama mai hankali. Gyara zaman hularka, ka karɓi tukunyar da hannu biyu, ka faɗi wani dogon suna na Latin ko da ba nasa ba ne. Ka ce ta koma bakin aikinta hankali kwance, in ta dawo za ta tarar da shi da 'ya'ya da jikoki.

Uba yana jure yunwa, yana jure ciwon haƙori. Abin da ba ya jurewa shi ne 'yarsa ta gano shi ma mutum ne kamar kowa.

Mataki na 2: Gyara kuskuren mutanen Kudu

Da zarar ta hau mota, leƙa cikin tukunyar. Za ka ga babu ƙasa ko ta rantsuwa. Ɓawon itace ne da gawayi da ɓawon kwakwa. Dole ranka ya ɓaci. Kai ɗan manoma ne, jikan manoma, a gidanku ko yakuwa ba a yi mata wannan rowar.

Hau babur ka tafi gonar gado a Toranke. Ɗebo rairayi mai laushi kamar an tankaɗe, ka gauraya shi da busasshen takin awaki. Nemo kasko mai faɗi ka mayar da furen ciki, ka ajiye shi a ƙasa, a lungun falo inda babu giftawar jama'a.

Yanzu ja da baya ka dubi aikinka. Rairayi mai laushi, kasko mai faɗi, lungu mai sirri. A ganinka gata ka yi wa fure. Akwai wani a gidan da yake ganin masai ka gina masa, kuma ya daɗe bai ga ɗan Adam mai karamci irinka ba.

Sai daga baya za ka tuna cewa okid a jikin bishiya yake zama, saiwarsa iska take so ba ƙasa ba. An koya mana wannan a jami'a. Ina jin ranar na tafi ɗaurin aure.

Mataki na 3: Gano mai laifin, sannan ka ba shi hanya

Sunansa Maiwada. Jan muzuru ne mai kunne ɗaya da rabi, kuma na Inna ne. Da mahaifinmu ya rasu na je ɗauko ta daga Toranke, abu uku ta ce ba ta motsawa sai da su: ƙwaryar nononta, ragayar igiyar da take rataye ƙwaryar a ciki, da Maiwada. Ni ne na huɗu, in akwai na huɗu.

Tonon rairayin ma mai sauƙi ne. Babban aikinsa shi ne ya juya wa furen baya, ya miƙe wutsiya tsaye tana karkarwa, ya fesa. Masana sun ce sa hannu ne, yana sanar da sauran muzurai cewa wurin nan mallakinsa ne. Wato ni da na gina gidan ɗan haya ne.

Warin kuwa ba irin mai wucewa ba ne. Shigowa yake yi ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya tambayi abin da aka dafa.

Je ka sami Inna a ɗakinta. Durƙusa. Ja gaisuwar iya tsawonta, sannan ka shigo da maganar ta gefe.

"Inna, dama maganar Maiwada ce. Yana ɗan ɓata furen takwararki."

"Wane fure? Ciyawar nan da ka killace a ɗaki kamar mai jego?"

"Amana ce, Inna."

"Shi ma amana ne. Ubanka ne ya tsinto shi a gindin rumbu, idonsa ko buɗewa bai yi ba. Kai da kake ƙarami, wace tabarma ce ta tsira a hannunka? Na kore ka?"

Daga nan za ta tuna maka matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Babu digirin da ke da amsar wannan. Ka ce Allah ya huci zuciyarta, ka fita da baya. A bakin ƙofa za ka haɗu da Maiwada zai shiga. Matsa gefe ka ba shi hanya.

Mataki na 4: Yaƙe shi da kimiyya

Fara da ɓawon lemo, domin an ce kyanwa ba ta son ƙamshinsa. Ba a gaya wa Maiwada ba. Zai yi ƙwallo da su har ya gaji, sannan ya yi abin da ya kawo shi.

Koma kan garin barkono. Barbaɗa shi kewaye da kaskon, da yawa, kada ka yi rowa. Manta cewa ka bar fanka a kunne tun da aka ɗauke wuta. Lokacin da za a kawo ta, duk gidan za ku haɗu a tsakar gida kuna atishawa kuna hawaye kamar an aiko da saƙon rasuwa. Matata Barira ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Malam, don Allah a fayyace mana. Muzurun ake kora ko mu?" Shi yana kan katanga yana lasar hannu.

Gwada turaren wuta, mai kyau, wanda maiɗakinka ke ɓoyewa don biki. Warin ba zai tafi ba, ado kawai zai yi. Kuma duk lokacin da ka goge masa sa hannu, Maiwada zai ɗauka takardar ce ta ɓace, ya sake sabo da babban baƙi.

Na ƙarshe, buta. Cika ta, ka laɓe a bayan labule da rana tsaka kana jiran ya ɗaga wutsiya. Ka tuna kai ne mutumin da ɗalibai ke soke riga cikin wando in sun hango shi. Ba Maiwada ne zai fara shigowa ba, Inna ce. Za ta ɗaga labulen ta dube ka, ta dubi butar.

"Alwala ake yi a nan yanzu?"

Ka ce e. Sannan ka yi ta, tunda tana tsaye.

Mataki na 5: In an tambaye ka amfaninsa, sunkuyar da kai

Wata ranar kasuwa Bappa Bubayero, ƙanen mahaifina, zai biyo daga Gafasa yana dogara sanda, domin gwiwarsa ta daɗe da yi masa tawaye. Zai zauna, ya sha ruwa, idonsa ya faɗa lungu.

"Sharfaddini, wannan fa?"

"Fure ne, Bappa."

"Ana miya da shi?"

"A'a."

"Dabba na ci?"

"Ba ta ci."

"To in ya girma, inuwa?"

"Iyakar girmansa ke nan."

Bappa ya dubi digirin da ke bango, ya dube ni. Na ga yana tuna bijimin da yayansa ya rabu da shi don in yi karatu. Can sai ya ja numfashi, ya sake ja, fuskarsa ta washe. Ya rage murya.

"To ka ce mini magani ne mana! Tun daga zaure na ji ƙarfinsa. Daga Kudu ko? Ai su ba sa wasa."

Hanya biyu ce a gabanka. Ka ce ado ne, warin kuma na muzuru, ka tashi wawa kuma ƙazami a zama ɗaya. Ko ka sunkuyar da kai, ka yi ɗan murmushi, ka ce, "Bappa ke nan." Ɗauki ta biyu. Ba ka yi ƙarya ba, ka dai bar ta ta yi kanta.

In ka shiga ciki ɗauko masa fura, za ka dawo ka tarar ganye biyar ne, Bappa kuma yana ɗaure wani abu a gwiwa da tsumma yana bisimilla.

Mataki na 6: Koyi riƙon waya

Ummi za ta riƙa kira ta bidiyo don ta gaishe ka, amma furen take son gani. Gode wa Allah da har yanzu Nasara bai ƙera wayar da ke ɗaukar wari ba. Juyo ɓangaren da ya fi kyan gani, ka matso da wayar kusa. In ta ce ka sauke ƙasa ta ga gindin, ka fara cewa "Ummi? Ummi, kina ji na?" kana kaɗa hannu.

"Baba, kamar ganyen ya ragu. Furannin ma sun zube."

"Hutawa yake yi. Haka suke in sun sauya ƙasa, sai sun zubar da na Kudu kafin su fitar da na Arewa."

"Ikon Allah! Bari in gaya wa Madam, ita ma ta ƙaru."

Ka ga ke nan ilminka ya haye Kogin Binuwai. Kada ka bari Inna ta karɓi wayar. Za ta karɓa.

"Takwara, kina lafiya? Ubanki dai ya samu ƙarin girma, ya zama maigadin ciyawa."

Mataki na 7: Kori muzurun, ka ga abin da yake tare maka

Jira ranar da Inna ta shiga maƙwabta barkar haihuwa. Sa busasshen kifi a buhu, Maiwada zai shiga da ƙafarsa. Ɗaure a bayan babur. Mutanenmu sun ce kyanwa na haddace hanya, don haka kada ka miƙe. Ni sai da na zaga ta Kademi, na yi ta kwana-kwana a cikin gonaki har ni kaina na ɓata, na ɓulla ta bayan wani gari na kwance buhun a kusa da wasu rumbuna. Sai da na fito titi na gane Gafasa ce. Ban tsaya tambayar rumbunan wa ba ne.

Dawo ka wanke falo da omo da ruwan zafi. Buɗe tagogi. Shaƙi iska kamar wanda aka sallamo daga asibiti.

Yanzu ne za ka gane cewa warin nan shi ne maigadinka. Ashe Bappa ya je masallacin Juma'a ba sanda, labari ya zaga ƙauyuka. Masu bukata sun daɗe suna zuwa, zama ne ba sa iyawa. Da iska ta gyaru sai suka samu wurin hira. Mai ciwon baya ya zo gaisuwa, ganye ya tafi. Wata dattijuwa ta zo wurin Barira ta yi ɓatan kai ta falo, ganye ya tafi. Har wani abokin aikina mai digiri biyu ya ja ni gefe ya ce ba don kansa ba ne, wani amininsa ne ke fama da wata 'yar matsala ta cikin gida.

Inna kuwa ba ta tambaye ni komai ba. Kullum da safe za ta zuba nono a 'yar tasar Maiwada ta ajiye a bakin ƙofa, da yamma ta ɗauke ta zubar. In na gaishe ta, "Lafiya" kawai, ta ci gaba da jan carbi. Na zauna da warin muzuru, na zauna da wannan "Lafiyar". Warin ya fi daɗin zama.

Mataki na 8: Rataye shi sama

Da ganye ya koma biyu, karatun jami'a zai dawo maka, a makare kamar yadda ya saba. Zubar da rairayin nan, ka wanke saiwar, ka mayar da gawayi da ɓawon itace. Abin bishiya sama yake so, inda hannu ba ya kai.

Abu ɗaya ne a gidan da zai yi wannan aikin: ragayar Inna. Ai don haka kakanni suka saƙa ta, a ɗaga abin da kyanwa ke so sama da inda take isa. Tana rataye a gabana tun ina rarrafe. Na je na durƙusa na roƙa.

Inna ta sauke ƙwaryarta ta ajiye a ƙasa, ta miƙo mini igiyar ba ta dube ni ba.

"Ɗauka. Wa ya rage da zan ɓoye wa nonon?"

Haɗiye wannan, ka je ka rataye furenka a tsakiyar falo. Abin da ka manta shi ne, a ƙasar nan duk abin da aka ƙulle da igiya aka rataye a saman ɗaki, kowa ya san ko mene ne. Da ana cewa magani ne. Yanzu an tabbatar har tsari yake yi. Na dawo daga makaranta na tarar da wani dattijo da ban taɓa gani ba a tsaye kan kujerata, ya cire takalmi don ladabi. Ya ce Bappa na gaishe ni.

Saura ganye ɗaya. Ummi kuma ta kira ta ce sun kusa karɓar takardar sallama.

Mataki na 9: Faɗi gaskiya, tunda dabara ta ƙare

Kada ka ɗauka halin kirki ne. Ganyen nan ɗaya ba zai kai mako ba muddin ana ce masa magani, kuma inda maganar ta tsiro can za a tuge ta. Hau babur ka tafi Gafasa. Za ka tarar da Bappa a gindin darbejiya da jama'arsa, rabinsu sun taɓa zama a falonka.

Gaisa, ka ƙi tabarmar da aka nuna maka, ka faɗa daga durƙushe. Ba magani ba ne. Ado ne, 'yata ce ta ba ni amana. Ƙarfin da kuka ji tun daga zaure kuwa, fitsarin muzuru ne.

Bappa ya daɗe yana kallon gwiwarsa.

"Sharfaddini, da ganyen nan a ɗaure na yi ta salla. Har sahun gaba."

"Na sani, Bappa."

"To sallolin nan a wuyanka suke. Ni dai na kai nawa."

Wani daga gefe ya ce, "Amma ai gwiwar ta warke, Malam Bubayero."

"Ta warke ne don ba ta san abin da aka ɗaura mata ba. Yanzu da ta ji da kunnenta, ga shi har ta fara. A miƙo mini sandata."

Ana cikin haka wani jan abu ya fito daga ƙarƙashin rumbu, ya yi miƙa, ya zo yana goga jiki a ƙafar Bappa. Kunne ɗaya da rabi. Ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace.

"Wannan baƙon kuwa Allah ne ya jefo mini shi," in ji Bappa. "Ya share mini ɓerayen rumbu tas."

Tunda kana durƙushe, kada ka ɓata durƙuson. Faɗi gaskiya ta biyun.

Bappa ya tafa hannu. "Wato ka ɗaura mini fitsarinsa, ka ga bai isa ba, ka kawo mini shi ɗungurungum! Muzurun matar yayana ka sa a buhu? To ba a buhu zai koma ba. A gabanka za ka ɗora shi, kowa ya gani."

Haka na ratso daga Gafasa zuwa Gaya da muzuru a kwando kan tankin babur, yana kallon hanya kamar mai duba aikin kwangila. Inna ta fito ta wuce ni. Shi ta ɗauka ta juya ta ce, "Ka dawo? Dubi yadda ka rame." Amma da yamma ta aiko mini da fura, damun hannunta.

Mataki na 10: Tsaya ka karɓi sakamako

Ranar da Ummi ta dawo, abin da ke cikin ragaya ganye ɗaya ne, gefensa ya yi rawaya, sai wata 'yar saiwa mai koren baki da ta leƙo ta tsakanin igiya. Gari kuwa ya gama sani. In na juya allo a aji, akwai mai kukan kyanwa daga baya, kuma na daina neman ko wane ne.

Ta tsaya a ƙarƙashin ragayar ta ɗaga kai. Na gyara murya zan fara bayanin da na kwana biyu ina shiryawa, mai cike da sauyin yanayi da ƙarancin raɓa. Ta ciro waya ta ɗauki hoto.

"Baba, yana da rai!"

"Ganye ɗaya ne, Ummi."

"Madam cewa ta yi ko karan ba zan tarar ba."

Inna ta leƙo daga ƙofa, Maiwada na bin ta. "Takwara, tambaye shi lafiyar gwiwar Bappa." Barira ta toshe baki da mayafi ta yi waje.

"Ai kin ba ni labari, Inna," in ji Ummi. "Har na buta da labule."

Na nemi kujera na zauna. "Tun yaushe?"

"Tun barkono."

"Kuma kika bar ni ina ce miki hutawa yake yi? Kika ci gaba da cika wa matar nan baki da ni?"

"To Baba, ka nuna mini uba ɗaya a Kalaba da zai durƙusa a gaban gari ya ce fitsari ne, saboda ganye ɗaya. Na gaya mata wannan ma. Ta ce ta sallama."

Idan ka zo nan, dubi digirin da ke bango, ka goge ido, ka ce barkonon nan har yanzu bai gama fita daga falon ba. Za a yi maka kara a yarda.

Sai Ummi ta jawo wani kwali daga cikin kayanta ta buɗe. Tukwane uku, kowace da ganye shar.

"Madam ta ce tunda hannunka na da albarka, a kawo maka waɗannan. Sun fi wancan wuyar sha'ani."

Inna ta ce, "Ragaya dai ɗaya gare ni."

Maiwada ya zagaya kwalin a natse, ya shinshina kusurwa huɗun. Sannan ya juya masa baya, ya miƙe wutsiya.

A kula

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo bayan bin shawararsa, walau atishawa, walau fushin uwa, walau sallolin dattawa da suka dawo wuyan wani. Wanda furensa ya mutu, ajali ne. Wanda nasa ya rayu aka ƙaro masa uku, shi ya jawo wa kansa. Masu ciwon gwiwa su nufi asibiti, ƙofata a rufe take. Mai ƙorafi kuma ya kai wa Maiwada, domin binciken da na yi ya tabbatar mini gidan nasa ne. Wanda ya san mai saƙa ragaya a tsakanin Gaya da Ajingi, shi kaɗai aka yarda ya yi sallama.